Ozon da Ruwan Shanmu: Daga Masana'anta Zuwa Randa

Duk wanda ya taɓa fitowa daga lacca da azahar a watan Afrilu ya san abin da ake fara nema, wato mai fiya-wata. Ka miƙa kuɗi, ka ciji leda, ka shanye, ka wuce. Kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su karanta abin da aka rubuta a jikin ledar. In ka duba wata rana, ban da sunan kamfani da lambar NAFDAC, a jikin wasu ledojin da gorunan ruwa za ka tarar an rubuta da Turanci cewa an tsaftace ruwan da ozon. Wani abokina da muke unguwa ɗaya a cikin gari ya ce da ni, shi dai a iya saninsa ozon wani abu ne can a sama da aka ce ya huje, to me kuma ya kawo shi cikin ruwan leda? Daga nan ya ƙara da cewa, in har abin yana da ƙarfi haka, me ya hana a saka shi a ruwan famfo kowa ya huta da taifot da amai da gudawa?

Tambayoyin nan biyu sun cancanci amsa, musamman a wajenmu da gobe za a ce mu ne masu gwaje-gwaje da injiniyoyin da za su riƙe gidajen ruwa.

Mene ne ozon?

Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne suke haɗe da juna, shi ya sa ake rubuta ta O₂. Shi ozon kuwa guda uku ne, O₃. Ta ukun nan ba ta da natsuwa, kamar baƙon da aka cusa a ɗakin mutum biyu take. Da zarar ta sami abin da za ta manne masa sai ta fice, ta bar sauran biyun su koma oksijin. Wannan rashin zaman shi ne ƙarfin ozon, kuma shi ne rauninsa, kamar yadda za mu gani a gaba.

Ozon ɗin da abokina ya sani gaskiya ne. Akwai shi can sama, yana tare mana wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata, kuma saboda kare shi ne ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal a 1987. Sinadarin ɗaya ne, sai dai wanda ake sa wa ruwa ba daga sama ake ɗebo shi ba, a nan ƙasa ake haɗa shi da wutar lantarki. Kai ma wataƙila ka taɓa jin warinsa. Wannan wari mai kaifi da ake ji kusa da tsohon injin fotokwafi in ya daɗe yana aiki, ko bayan walƙiya mai ƙarfi da damina, akwai ozon a ciki. Warin ne ma ya jawo masa suna. Wani masanin kimiyyar sinadarai Bajamushe, Christian Friedrich Schönbein, shi ya raɗa masa sunan wajajen 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin jin wari. A 1857 Werner von Siemens ya ƙera bututun farko na samar da shi da lantarki, kuma har yau injinan ozon a kan wannan dabarar suke tafiya.

Yadda injin yake aiki

Ka ɗauka kana ƙera ƙaramar walƙiya a cikin bututu. Ana ajiye ƙarfe biyu kusa da juna, a raba su da gilashi ko tangaran, a bar ɗan siririn fili a tsakani. Sai a ba su wuta mai ƙarfin dubban bolt, a tura iska ta bi ta filin. Wutar tana fasa wasu ƙwayoyin O₂ gida biyu, kowane ɓari ya je ya manne wa wata O₂ ɗin, a sami O₃. In iskar gari aka yi amfani da ita, ozon ɗin da ke fitowa bai cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba. In tsantsar oksijin ce, yakan kai kashi 10 ko sama da haka.

Akwai sharuɗɗa biyu da duk mai gyaran irin wannan inji ya kamata ya riƙe. Na farko, dole iskar ta zama busasshiya ƙayau kuma babu ƙura. In da laima a cikinta, sai a sami asid a cikin bututun ya riƙa cin ƙarfen, ozon ɗin kuma ya ragu. Ka ga ke nan a Kano muna da aiki biyu: laimar damina da ƙurar hunturu. Na biyu, injin yana zafi, zafi kuma yana rusa ozon, don haka sai da sanyaya shi da ruwa ko fanka.

Daga nan sai a shigar da iskar cikin ruwa. Wasu suna busa ta daga ƙasan tanki ta tashi da ƙananan kumfa, wasu suna matse bututun ruwa a wani wuri yadda gudun ruwan zai zuƙi iskar da kansa. Ana barin su su gauraya na 'yan mintoci a tankin ƙarfe marar tsatsa, domin ozon yana cinye roba ta gama-gari da baƙin ƙarfe. Abin da ya yi saura bai narke ba, ana bi da shi ta wata na'ura da ke mai da shi oksijin kafin a sake shi.

Ba a iya ɗura ozon a tukunya kamar gas ɗin girki a kai shi wani gari. Inda za a yi amfani da shi, a nan ake haɗa shi, a lokacin da ake buƙatarsa. In wuta ta ɗauke, ozon ya ɗauke.

Ƙarfinsa a kan ƙwayoyin cuta

Idan ozon ya haɗu da ƙwayar bakteriya, fatar da ta lulluɓe ta yake farkewa, abin da ke ciki ya tsiyaye, ta mutu. Haka yake lalata bairos. A ma'aunin da masana ke gwada ƙarfin irin waɗannan sinadarai, ozon yana da bolt 2.07, kulorin kuma 1.36. A aikace, aikin da ake ba kulorin rabin awa ya yi, ozon yakan gama shi cikin 'yan mintoci. Tsohuwar ƙa'idar da Faransawa suka kafa ita ce a riƙe miligiram 0.4 na ozon a kowace litar ruwa na tsawon minti 4.

Ba sabon abu ba ne. An fara gwada shi a ruwan sha a wani gari na ƙasar Holan a 1893, birnin Nis na Faransa kuma ya kafa gidan ruwa mai aiki da ozon a 1906. Abin da ya ƙara ɗaga darajarsa a zamaninmu shi ne abin da ya faru a birnin Milwoki na Amurka a 1993. Wata ƙwayar cuta mai suna Kiriptosiporidiyum ta ratsa gidan ruwan birnin, mutum wajen dubu 400 suka kamu da gudawa. Ita wannan ƙwaya tana da ƙwanso mai tauri wanda kulorin da ake sa wa ruwan sha ba ya iya fasawa, ozon kuwa yana iyawa. Bayan 'yan shekaru birnin ya kafa injinan ozon.

Ban da kisan ƙwayoyin cuta, ozon yana kawar da wari da launi da ɗanɗanon da ba a so. Ruwan burtsatsen da ke fitowa garau amma in ya kwana sai ya yi ja ya ɓata bokiti, narkakken ƙarfe ne a cikinsa. Ozon yana mai da shi tsatsa nan take, matata ta tare. Sannan ba ya barin warin nan na kulorin da ke sa wasu tsofaffinmu su ce ruwan famfo yana warin magani. Wannan ne ya sa masu ruwan gora suke son sa: ana ɗura ruwan da sauran ozon a ciki, a rufe, ya kashe abin da ke jikin gorar da murfin, bayan 'yan awoyi ya koma oksijin, ba wari ba ɗanɗano.

Ga inda gizo ke saƙar

Yanzu mu dawo tambayar abokina ta biyu. Ozon ba ya daɗewa a cikin ruwa. A ruwa mai tsafta mai ɗumin digiri 20, rabinsa yana ɓacewa cikin kamar minti 20. In ɗumin ya kai digiri 30, lokacin ya ragu zuwa kamar minti 12. In ruwan yana da datti, abin ya fi haka sauri. Mu kuwa a Kano da bazara zafin gari yana haura digiri 40, tankin da ke saman gini kuma kowa ya san yadda ruwansa yake da rana tsaka.

To dubi tafiyar da ruwa yake yi kafin ya iso bakin mutumin cikin gari. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara turo ruwan famfo daga Challawa. Daga baya aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970, aka ƙara gidajen ruwa irin na Tamburawa, wanda aka tsara sabonsa ya riƙa tace lita miliyan 150 a rana, da na Watari. Daga can ruwan zai bi manyan bututai na kilomitoci, wani ya hau tankunan Goron Dutse, sannan ya gangaro ya rarrabu cikin lunguna. Tafiya ce ta awoyi. Ko da an cika shi da ozon a Tamburawa, kafin ya iso Ƙofar Na'isa babu ko ɗigo da ya rage.

A cikin lungunan kuma labarin daban ne. Unguwannin cikin badala irin su Yakasai da Mandawari da Koki da Jakara an gina su ne ɗaruruwan shekaru kafin a san bututu. Lungu ya matse, gida jikin gida, don haka sau da yawa ƙaramin bututun da ke shiga gida tare yake tafiya da lambatu, wani wurin ma ta cikinsa yake ratsawa. Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, in akwai tsaga waje zai riƙa fesowa. Amma da an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙo abin da ke kewaye da shi. Ranar da ruwa ya dawo, wannan ƙazantar ce take fara isowa famfo.

Gidaje da yawa ma ba famfon suke jira ba. Ɗan garuwa ne yake turo kura daga burtsatse, a juye jarkoki a randa ko baro. Wasu kuma rijiyar tsakar gida ce, wadda tazararta da masai ba ta wuce 'yan taku ba, ga kududdufai da suke cika da damina suna tsatsafowa ƙasa. Yaushe rabon da a wanke cikin jarkar nan? Moɗar da ake ɗiba da ita, yaro ya ajiye ta a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa har wuyan hannu. Ruwan da ya fito daga tushe lafiya lau yana iya gurɓata a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma ozon ba ya nan balle ya kare shi.

Kulorin a nan ya fi shi. Ba shi da saurin ozon, amma yana zama cikin ruwa na awoyi, har kwana, yana raka shi hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan rabin awa da sakawa, kuma kada ya gaza 0.2 a inda mutum zai ɗiba. Shi ya sa yawancin biranen da suke amfani da ozon suke ƙara ɗan kulorin a ƙarshe kafin ruwan ya shiga bututu. Warin nan da muke ƙi a ruwan famfo alama ce ta cewa mai gadin yana nan bai tafi ba.

Maganar ba ta wasa ba ce. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kwalara da taifot duk ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata suke shiga jiki.

Abin da ozon ba ya iyawa

Akwai masu ɗaukar cewa da an ce ozon an gama magana. Ba haka ba ne. Ruwa mai laka sai an fara kwantar da shi da alif an tace, in ba haka ba ozon ɗin zai ƙare a kan dattin, ƙwayoyin cuta kuma su ɓuya a cikin laka. Ba ya cire gishiri, ba ya cire darma, ba ya cire sinadarin nitiret da ke tsatsafowa rijiya daga masai da taki. Sinadarin kuromiyum da masana'antun jima suke aiki da shi, ozon yana iya juya shi zuwa nau'in da ya fi guba. Garin da ke da masana'antun fata a Challawa da Sharaɗa da Bompai dole ya san wannan.

Sannan in ruwa yana ɗauke da sinadarin buromaid, ozon yana mai da shi buromet, wanda ake zargin yana jawo ciwon daji. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa ita ce maikurogiram 10 a lita. A 2004 sai da kamfanin Coca-Cola ya janye ruwan gorarsa mai suna Dasani daga kasuwannin Birtaniya saboda buromet ya haura ƙa'ida. In hakan ta sami kamfani mai wannan girman, ƙaramar masana'antar da ba ta gwada ruwanta fa?

Wani abin kuma, ozon yana farfasa manyan dattin da ya narke a ruwa zuwa ƙanana waɗanda bakteriya ke jin daɗin ci. In ba a bi da ruwan ta matatar gawayi bayan ozon ba, ƙwayoyin da suka shigo daga baya za su tarar da abinci a shirye.

Shaƙarsa ma illa ce. Yana ƙona maƙogwaro da huhu, yana tayar da asma. A Amurka iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a awa 8 ita ce kashi 0.1 cikin miliyan. In ka je aikin koyon sana'a a masana'antar ruwa ka ji warin ya cika ɗaki, ka fita, ka sanar da mai kula da wurin, akwai inda yake yoyo. Masu tallan ƙananan na'urori a intanet da ke cewa shan ruwan ozon yana warkar da cututtuka kuwa, a yi hattara da su. Ozon yana tsaftace ruwa ne, ba maganin ciwon da ke jikin mutum ba ne.

Lissafin wuta

Mu ɗan yi lissafi irin na aji. A ce za a sa miligiram 2 a kowace lita. Tankin lita 10,000 zai ci giram 20, wato injin da ke ba da giram 10 a awa zai yi aikin awa biyu. Wannan ƙaramar masana'anta za ta iya, ko da sola da batir ne. Amma lita miliyan 150 a rana za ta buƙaci kilo 300 na ozon kullum. Kowane kilo yana cin wutar da ta kai yunit 10 zuwa 20, ka ga yunit 3,000 zuwa 6,000 ke nan a rana, kuma wutar da ba ta ƙiftawa ake so, ban da kuɗin injina da kayan gyara da ake shigowa da su daga waje. Bayan duk wannan kashe kuɗin, kulorin ɗin dai sai an saka saboda hanya. Da a ce ni aka ba wa zaɓi, gyaran bututun lungu da tabbatar da ruwa yana zuwa kullum zan sa a gaba.

Abin da ya rage gare mu

Ga mai shan fiya-wata, rubutun ozon a jikin leda yana gaya maka abin da aka ce an yi a masana'anta ne kawai. Duba lambar NAFDAC, ka guji ledar da ta sha rana ko take yoyo, kuma ka ɗauraye bayanta kafin ka kai baki, domin hannu nawa ta bi da wane irin ruwan ƙanƙara ta kwanta a ciki, Allah kaɗai ya sani.

A gida ko a ɗakin haya, ruwan da ba ka yarda da shi ba ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ka sa ƙwayar kulorin irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin fakiti, ka jira rabin awa. A wanke randa da jarka a kai a kai, a rufe su, a sami moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta. Bokiti mai famfo a gindi ya fi, domin hannu ba ya shiga. In Hajiya ta ce ruwan yana warin magani, ka zauna ka yi mata bayani da ladabi, za ta gane.

'Yan ajin ƙarshe masu neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai, ga fili nan. Masu kimiyyar gwaje-gwaje za su iya bin ruwa guda tun daga bakin burtsatse, zuwa jarkar ɗan garuwa, zuwa randa, su gwada kowane mataki. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, sai mu ga a wane mataki lissafin yake rushewa. Masu lantarki za su iya haɗa ƙaramin injin ozon mai aiki da sola, su magance matsalar busar da iska da ƙura, amma a ƙarƙashin kulawar malami, domin dubban bolt ba abin wasa ba ne. Wani abin sha'awa, hanyar da aka fi yarda da ita wajen auna ozon a ruwa da shuni ake yin ta, ɗan uwan wanda ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata. Ana zuba ruwan a kan shuɗin sinadarin, gwargwadon yadda launin ya kwashe, gwargwadon ozon ɗin da ke ciki.

Abokin nan nawa da na gama yi masa wannan bayanin, ya yi shiru, sannan ya ce ashe randar gidansu tun kafin azumi rabon da a juye ta a wanke. Washegari da safe kafin ya taho makaranta ya sa ƙannensa suka fito da ita tsakar gida.